Labarin da Malam Haladu Bai Rufe Ba

Ranar wata Alhamis ce, a farkon daminar shekarar da aka sake kuɗi, aka bar fam da sule aka kama naira. Ruwan shuka ya sauka, ƙasa tana ƙamshi, gero ya fara leƙowa siri-siri kamar allurai. Ina tsugune a gindin ɗorawar makarantar bokon garinmu da farantin ƙuli-ƙuli a gabana, ina korar ƙuda, sai ga Malam Haladu ya fito daga aji ɗauke da daro a ka kamar mai zuwa rijiya. Yara suka biyo shi suna ƙyaƙyata dariya. Ya dire daron a inuwa, ya sa aka juye masa tulun ruwa a ciki, ya zaro duwatsu da tsingaro daga aljihun rigarsa ya jejjera, har kawunansu suka fito saman ruwan. Sannan ya miƙo hannu ya ce in ara masa ɓawon gyaɗa daga wanda ya zube kusa da ni. Na tsinto na ba shi. Ya ɗora a kan ruwan, ya sunkuya ya hura, ɓawon ya kama tafiya yana ratsa duwatsu. "Wannan shi ne teku," in ji shi. "Waɗannan tsibirai ne, wannan kuma jirgi. A nan wasu mutane da ake kira Girkawa suka zauna, tun kafin zuwan Annabi Isa, alaihis salamu." Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin bayan gari ba, na saki baki ina kallo, har akuya ta sa kai a farantina ban sani ba. Ranar na sha duka a gida, amma ban ji zafinsa ba.

Sunana Hansai. Garinmu yana arewa da Kano, tsakanin Ɗambatta da Kunci, a ƙasar da gona take manne da gona. Ba ka ganin daji, sai dai layin gamba ko jerin lalle da ya raba ta wane da ta wane, da gawo da kuka da ɗorawa tsaitsaye, kowace bishiya da mai ita. Da rani jakuna ke safarar taki a mangala daga gida zuwa gona, da damina kuwa ko tafin hannu ba a bari babu shuka. Ban yi boko ba. A lokacin mai unguwa ne yake bi gida-gida yana ɗaukar yaro guda, a gidanmu aka ɗauki yayana Ado, Inna ta yi ta kuka kamar an kai shi gidan yari. Ni aka bar ni da allo da sassafe, sai tulu, sai turmi, sai awaki. In na dawo daga rijiya in taya Inna surfe, in yi bakace, in tafi yankan ciyawa a bakin iyaka, in dawo in wanke tukwane da toka. Abin da ya rage na yini namu ne, mu yi carafke da 'yan duwatsu a ƙofar gida, mu ɗaure wa 'yar tsanar kara zane da tsumma, in an yi farin wata mu fita gaɗa. Talla ce ta kai ni makaranta. A bakin ƙofarta na tsaya, kuma duk abin da na samu a can, a tsaye na same shi.

Malam Haladu saurayi ne dogo, siriri, mai yawan fara'a, ba ya wasa da salla. Daga makarantar horon malamai aka turo shi, ya zo da keke da tabarma da wani akwatin ƙarfe. A cikin akwatin akwai manyan hotuna na kwali, an manna musu ƙyalle a baya don kada su yage, kowanne ya kai faifai biyu faɗi. Ya ce wata tsohuwar Baturiya da ta koyar da su ce ta bar masa da za ta koma ƙasarsu. Littafi bai ishi yara ba, allon bango ma rabinsa ya ɓare, shi ya sa kowace Alhamis kafin a tashi sai ya fito da su gindin ɗorawa, ya rataye hoto guda a ƙusa, ya ba su labarinsa da Hausa. Kafin ya fara kullum sai ya ce, "Ku sani wannan ƙarya ce. Allah ɗaya ne, Shi ke ba da ruwa, Shi ke ba da hatsi. Amma ku ji yadda mutanen da saƙo bai iso musu ba suka yi ta lalube." Muka ji na yaron da ubansa ya liƙa masa fukafukai da kakin zuma, muka ji na ƙaton nan mai ido ɗaya a goshi da yake kiwon tumaki a kogo. Ya sa yara suka gina jirage da yumɓu, suka fafe ƙwarya suka yi fuskoki, suka riƙa kwaikwayon abin da suka ji. Sai dai yana da wata ɗabi'a. Ba ya ƙarasa labari a zama ɗaya. In ya kai inda rai ya tsaya, sai ya sauke hoton, ya ce sai wata Alhamis.

A gidanmu kuwa akwai Iya Dije, mahaifiyar Baba, wadda duk unguwa ta san ɗakinta saboda tatsuniya. Idonta ya yi rauni, amma hannunta bai manta mazari ba, tana kaɗi tana magana, yara sun cika ɗakin har bakin ƙofa. Tatsuniya a wurinmu tana da doka. Ba a yin ta da rana, ana tsorata mu cewa mai yi zai ɓata a hanya. Kuma in an buɗe ta ba a barin ta a buɗe. Na sha farkawa in tarar duk yara sun bingire, Iya tana ci gaba da faɗa wa mazarinta a hankali har ta kai ƙurunƙus, sannan ta shafa addu'a. Da na fara kawo mata labaran malam, sai ta riƙe haɓa. "Da rana tsaka? Wannan malamin naku uwarsa ba ta yi masa tatsuniya ba ne? Ina aka taɓa yanka labari gunduwa-gunduwa kamar naman watanda?" Ta yi ta faɗa har ta gaji, sannan ta ce, "To zauna mana, mai ƙafar yawo. Shi mai fukafukan da ya tashi sama, sai aka yi yaya?" Daga nan abin ya zama namu ni da ita. Ado ba ruwansa, langa ce a gabansa. Ni nake ɗauko guntun labari a kaina kamar ruwa a ƙoƙo, ina tafe ina maimaitawa kada ya zube, in riƙe shi har a yi magariba, don Iya ba ta yarda ta ji da sauran rana. Ita za ta ce ta zo mu ji ta, ni in zuba.

Ana cikin noman firi malam ya rataye sabon hoto. Ya faɗi sunayen mutanen ciki, amma sun yi mana nauyi a baki, sai muka riƙa cewa Uwar Hatsi da 'yarta. Girkawa sun ce wai wata mace ce take riƙe da duk abin da ake shukawa, tana da 'ya ɗaya tilo. Yarinyar ta fita tsinkar furanni a fili, ƙasa ta tsage, sarkin ƙarƙashin ƙasa ya fito da baƙaƙen dawakai ya sure ta, ƙasa ta koma ta haɗe kamar ba a yi ba. Alhamis ta gaba muka ga uwar riƙe da wuta a hannu tana yawon duniya, ta bar ci ta bar wanka, har ta koma kamar tsohuwa, ta zauna a bakin wata rijiya tana tambayar masu ɗiban ruwa ko sun ga yarinya mai kama kaza. Da na kai wa Iya wannan, mazarin ya tsaya. Ba ta yi faɗan rana ba, ba ta tsokane ni ba. Ta ce in sake faɗin wurin rijiyar. Na sake. Ta ce in je in kwanta.

Washegari muna surfe Inna ta gaya mini abin da ban sani ba, murya ƙasa-ƙasa, tana duban ƙofar ɗakin Iya. Tun kafin a haifi Baba an yi wata yunwa. Iya tana da 'yar fari mai suna Lami, ta fara wayo, tana iya ɗaukar ɗan tulu. Wasu matafiya masu zuwa Makka a ƙafa suka yada zango a garin, cikinsu akwai matar da ba ta haihu ba, tana da guzuri. Ta ce a ba ta yarinyar ta ciyar da ita, in Allah Ya dawo da su ta kawo ta. Iya da hannunta ta ɗora Lami a kan jaki. Ba su dawo ba. Babu wanda ya kawo labarin mutuwa, babu wanda ya kawo na rai. Inna ta ce har lokacin da aka kawo ta gidan tana amarya, in aka ce ga ayari daga gabas, Iya takan ajiye abin da take yi ta fita bakin hanya.

To, a wannan tsakanin ne sama ta ɗauke. Hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, mu kafa tukwane a bakin indararo, sai iska ta taso ta watsa shi, gari ya waye tas. Gero ya murɗe ganye, ya koma launin toka. Gyaɗa ta kwanta. Wanda yake da sauran iri ya sake shuka, tsuntsaye da gafiya suka tone. Baba ya riƙa fita gona da fartanya a kafaɗa ya dawo da ita ba ƙasa a bakinta, ya zauna a zaure. Aka fita roƙon ruwa a filin idi, manya suka juya rigunansu, mu 'yan mata muka daka gumba da ɗan abin da ya rage muka bi gari muna sadaka. Rijiyar unguwa ta ja baya har aka ƙara wa guga igiya. Ana cikin haka Alhamis ta zo, malam ya rataye hoton da ya biyo baya. Uwar ta gano inda 'yarta take. Ta lulluɓe kanta ta zauna, ta rantse ƙwaya ɗaya ba za ta tsiro a bayan ƙasa ba sai ta ga yarinyar da idonta. A hoton ga gonaki fayau, ga shanu suna jan garma a banza, ga mutane ƙashi da fata. Yara suka ƙura wa hoton ido, don abin da ke rataye a ƙusa shi ne abin da ke bayan katangar makaranta. Malam ya sauke hoton. Ya ce saura hoto ɗaya, sai wata Alhamis.

Maganar a bakin rijiya ta fara, wurin mata, kafin ta kai ƙofar masallaci. Aka ce baƙo ya zo ya buɗe tatsuniya da rana tsaka, ya kira fari da bakinsa a gaban yara, ya tafi ya bar ta a buɗe. Aka tuno tulun ruwan da ya juye a daro don wasa. Aka ce akwatin cike yake da gumaka. Ni yanzu da na tsufa na san ruwa a hannun Allah yake, labari ba ya riƙe shi, ba ya sakinsa. Liman ma haka ya ce a lokacin, don mutum ne mai hankali. Amma mai kallon gonarsa tana ƙonewa yana neman abin da zai kama da hannu, sama kuwa ta yi nisa. Liman ya ce shi abin da ya dame shi hotunan ne, don zaman lafiya a dakatar. Aka sa za a kira malam ƙofar mai unguwa ranar Laraba. Da Iya ta ji, ta sa aka kira mata Baba. Ina bakin murhu na ji ta. "Kai, in kun je ku ce ya ƙarasa. Ba a toshe bakin mai labari a tsakiya. In ma da sharri a ciki, a buɗewar yake. Ku bar shi gobe ya rufe, jibi ku hana shi har abada." Baba ya ce, "Iya, maganar ta manya ce, kuma ta addini." Ta ce, "Ni na haife ka ko kai ka haife ni?" Ya sunkuyar da kai ya fita. Ado da ya laɓe a bayan danga ya ce Baba ya faɗi saƙon Iya, amma a hankali, sai wani ya ce wato a ƙara mana wata masifar kenan, aka yi dariyar da ba ta da daɗi, maganar ta mutu. Aka ce wa malam ko ya bari ko kowa ya janye ɗansa. Aka kawo Alƙur'ani ya dafa, ya rantse ba zai sake buɗe akwatin ba, ba zai sake faɗa wa kowa komai daga cikin labaran ba, muddin yana aiki a garin.

Alhamis ta zo ta wuce, ƙusa tana nan a jikin ɗorawa ba komai a kanta. Ruwa bai zo ba. Rumbunmu ya kai ƙasa, Inna ta shiga ciki da tsintsiya ta sharo abin da ya maƙale. Aka daina ƙuli-ƙuli, don babu gyaɗar, babu mai saye. Muka koma tafasa da rama da ganyen yaɗiya, a dafa a barbaɗa ɗan gari a kai don a ce an ci tuwo. Muka tona gidan tururuwa muna kwashe hatsin da suka tara. Dusar da muke ba awaki muka riƙa tankaɗewa muna damawa. Gaɗa ta mutu, ba wanda ya hana, ƙafa ce ta ƙi. Iya kuwa kullum sai ta ce azumi take yi, in an miƙa mata ƙwarya ta lalubo kan ƙaramin cikinmu ta tura masa. Ta daina kaɗi. Ta daina tatsuniya, ta ce ba ta buɗe wata alhali wata tana buɗe. Abu ɗaya ya rage mata. Duk magariba in na shiga gyara mata shimfiɗa sai ta kamo hannuna ta ce, "Hansai, ba ki ji komai ba? Ta dawo?" In ce ban ji ba, Iya. Ta ce to, ta saki hannun.

Da na ga ƙafafunta sun fara kumbura, na tafi wurin malam. Na same shi a ƙofar ɗakin da aka sauke shi, yana facin tayar keke, shi ma wuyansa ya zurma cikin riga. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Malam, Iya ce ba lafiya. Ba duka take so ba. Kalma ɗaya kawai, ta dawo ko ba ta dawo ba." Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce, "Hansai, Alƙur'ani na dafa. Ko kai na gyaɗa miki, na faɗa." Na ce to mu fita bayan gari ya gaya mini a can, ai ba cikin gari ba ne. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ke da wayo. In na fita don wannan na dawo, dabara na yi wa Allah." Na fashe da kuka. Ya bari na yi mai isata, sannan ya ce ya nemi a canza masa gari, in aka ba da hutu zai tafi ba zai dawo ba, ranar rantsuwarsa ta sauka. In jira shi a kukar bakin hanya, bayan gonar ƙarshe. Ya shiga ɗaki ya ƙullo mini garin rogo a ƙyalle ya ce in jiƙa wa Iya. Daga baya na ji malamai suna cewa rantsuwa tana da kaffara, shi ma ya san haka. Amma yana tsoron in magana ta fita a kwashe 'yan yaran da suka rage a rufe makarantar. Ita kuwa ba ta fasa watsewa ba.

Hutu da saura, Iya kuwa ba ta da saura. Sai na yi shawara da zuciyata. Wata magariba na shiga da sauri kamar mai albishir, na ce malam ya gaya mini a ɓoye. Ta ce a tashe ta zaune. Na jingina ta da bango, ta ce ta zo mu ji ta, muryar da ƙyar take fita. Na ce sarkin ƙarƙashin ƙasa ya ji tsoro, ya ɗora yarinyar a kan farin doki, ya haɗa ta da raƙuma ɗauke da gero da dawa, da masu kalangu a gaba. Uwar tana zaune sai ta ji kiɗa, ta yaye lulluɓi, ta ga 'yarta, ta yi dariya, dariyar nan ta zama tsawa, ruwa ya kece, aka yi damina irin wadda ba a taɓa yi ba. Na kai ƙurunƙus. Iya ta lalubo kaina ta dafa.  Sannan ta ce, "Kin iya, 'yar nan. Bakinki zai tara yara. Amma wannan namu ne, daga bakina kika ɗauke shi, har raƙuman." Na ce wallahi, sai ta toshe mini baki da tafinta kafin in ƙarasa rantsuwar. "Mutanen da suka san su zaunar da uwa a bakin rijiya tana tambayar masu wucewa, ba za su dawo da yarinya da kalangu ba. Sun san abin. Akwai yadda suka ce ana ƙarewa, shi nake so in ji."

Ba ta ji ba. Ta rasu da hantsi, kafin hutun ya zo. Masu haƙa kabari suka ce ƙasar ta yi tauri har magirbi yana ƙara kamar a kan dutse. Malam ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, bai shigo gida ba. Ranar da aka ba da hutu ban je jiransa ba, neman tafasa ne ya kai ni wajen kukar, don ta kusa duk an cinye. Sai ga shi yana turo keke, da tabarma da ƙunshin kaya a baya, babu akwatin. Ya jingine keken ya ce, "Ga ni na fita, Hansai. Zauna in cika alkawari." Na ce, "Wa zan kai wa, Malam?" Ya ce, "Ke fa?" Na girgiza kai. Ban yi fushi da shi ba, har yau ban yi ba. Kawai ji na yi in na karɓa zai yi mini nauyi, ba inda zan sauke. Ya tsaya yana dubana, ni ina tsinkar ganye. Can ya ce Allah Ya ji ƙan Iya, na ce amin. Ya hau kekensa ya bi hanyar Ɗambatta, ban sake ganinsa ba.

Ruwa ya zo daga baya, lokacin da ba shi da amfani ga kowa. Rabin gari ya tafi cin rani, wasu gidajen har yau kango ne. Ado ya bar makaranta ya bi Baba Kano dako. Akwatin aka bar shi a ɗakin ajiya, ƙofar ta faɗi, aka ce wani ya fasa shi yana zaton abinci ne, awaki suka shiga suka cinye kwalin, gara ta ƙarasa ƙyallen. Na girma, na yi aure, na haifa, na binne wasu. Maganar Iya ta tabbata, ɗakina ya tara yara shekaru masu yawa. Na ba su nata duka, na ba su na mai fukafukai da na mai ido ɗaya har suka zaci namu ne. Na Uwar Hatsi kaɗai ban taɓa buɗewa ba.

Bara waccan jikata Safiya, wadda take karatun koyarwa a birni, ta zo hutu. Ina ganin yadda take tambayar wayarta komai, sai wata yamma na ce ko wayar ta san tatsuniyoyin Girkawa. Ta ce, "Kaka, ina kika san Girkawa?" Na ce ke dai duba mini. Na fara kwatanta mata, ban kai rabi ba ta ce ga shi nan birjik, har da hotuna masu motsi, har da yadda ake koya wa yara a aji. Ta karanta da Turanci tana juya mini. Ta ce da yunwa ta kusa ƙarar da mutane, sai aka aika a dawo da yarinyar. Amma a can ƙasa an ba ta 'ya'yan ruman ta ci kaɗan, wanda ya ci abincin wancan gida kuwa ba ya rabuwa da shi. Sai aka raba shekara. Wani yanki tana wurin uwarta, ƙasa ta yi tsiro. Wani yanki ta koma, ƙasa ta bushe, uwar ta zauna jira. Haka kowace shekara. Na ce shi ke nan? Ta ce shi ke nan, Kaka, ta koma hirarta da ƙawayenta.

A zamaninmu akwati ɗaya ne a duk ƙasarmu, gari guda ya tashi tsaye a kansa, wata tsohuwa ta mutu tana tambaya. Yau labarin yana aljihun kowane yaro, ba wanda ya hana, ba wanda ya nema. Gonakin an raba, an sake rabawa, har ta gida ba ta ciyar da gida. Makarantar tana nan, rufin aji ya yaye, yara a ƙasa, malamin ko alli sai ya saya da kansa. An sare ɗorawar. Ɗakina da magariba ni kaɗai ce, jikoki suna can sun haɗa kai a kan haske ɗaya, ba na jin haushinsu, abin da suka tarar kenan. Nakan zauna in yi ta juya abin da Safiya ta karanta mini. Iya ta yi gaskiya, mutanen nan sun san abin, ba su dawo da ita duka ba. Amma da an ce wa Iya Lami za ta riƙa zuwa da damina tana komawa da kaka, da ba ta nemi ƙari ba. Babu wanda ya ce mata.